Babi na Huɗu: Birgin Masunci a Cikin Ƙwayar Ido

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da bakin mutanenmu duk sa'ad da suka fito daga wurin likita, ita ce, don me likitoci ba su kiran gaɓoɓin jikin mutum da sunan da mai jikin zai gane? Na ji ta da kunnena daga bakin wani dattijo, ƙanen mahaifina, ran da na raka shi sashen ido na wani asibiti a nan Sakkwato, bayan ciwon sukari ya daɗe yana cinsa har ganinsa ya soma dushewa. Likita ya ɗiga masa magani, ya dakata har baƙin idon ya buɗe, ya leƙa da 'yar fitilarsa, sa'an nan ya ce masa, "Baba, ciwon ya taɓa retina." Dattijon bai ce uffan ba sai da muka kai bakin ƙofa, kana ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, tun da ka yi boko, mece ce retina, kuma wa ya raɗa mata wannan suna?"

Rabin farko na tambayarsa kowane ɗalibin likitanci zai amsa shi a tsaye. Rabi na biyu shi ne mai nisa, domin wanda ya bi sawun wannan kalma sai ya ratsa harsuna huɗu da shekaru fiye da dubu biyu, ya bi ta Andalus da Bagadaza da Misira, kuma abin da zai tarar a ƙarshen tafiyar abu ne da dattijon nan ya sani tun yana yaro a bakin gulbin Rima.

Abin da ake kira da sunan

Wanda ke son ya ga retina da idonsa ba ya bukatar shiga makarantar likitanci, ya isa ya jira Sallar Layya. In aka ɗauki idon rago ko na sa, aka tsaga shi biyu da aska mai kaifi, za a tarar cikinsa cike da wani ruwa mai kauri, garai-garai kamar farin ɗanyen ƙwai, bayan wannan ruwa kuwa akwai wani tantani mai laushi, fari-fari, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, shimfiɗe a jikin bangon ƙwayar daga ciki kamar yadda ake shafe cikin ɗaki da farar ƙasa. Shi ne retina. A cikinsa Allah ya jera ƙwayoyin halitta kusan miliyan 100 masu jin haske, waɗansu na aiki da rana suna bambance launi, waɗansu, waɗanda su ne mafi yawa, na aiki cikin duhu, kuma su ne ke kasawa idan mutum ya kamu da dundumi don ƙarancin sinadarin bitamin A. Haske ya shiga ta baƙin ido, ya faɗa a kan tantanin nan, shi kuma ya mayar da shi saƙo, ya miƙa wa jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ciwon sukari, in ya daɗe ba a kula da shi ba, yakan lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, abin da likitan ke nufi ke nan.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe abu guda daga wannan fiɗa, don za mu komo kansa. Da zarar ruwan nan mai kauri ya zube, tantanin ba ya tsayawa a shimfiɗe, sai ya saɓule daga bangon, ya tattare, ya yi reto, ba abin da ke riƙe da shi sai wuri ɗaya tak, inda jijiyar gani ta fita.

Kalma ma tana da isnadi

Malamanmu ba su karɓar hadisi sai sun san wanda ya ji daga wa, har a kai ga tushe, haka kuma almajirin da ya sauke littafi a zaure yakan karɓi ijaza da salsalar malaman da littafin ya biyo ta hannunsu. Ilmin asalin kalmomi, wanda ke da dangantaka da abin da malaman lugga ke kira ishtiƙaƙi, kusan haka yake tafiya: a kama kalma inda take a yau, a tambayi wanda ya ba ta, shi ma a tambaye shi inda ya samo, kada a yarda da kamannin sauti kurum sai da shaidar rubutu.

To, in muka tambayi Ingilishi, zai ce shi ba shi ya haifi retina ba, aro ya yi. Kalmar ta soma bayyana a rubuce-rubucensa ne wajen ƙarshen ƙarni na 14, lokacin da ake juya littattafan fiɗa da magani daga Latin, harshen da malaman Turai ke karatu da shi a zamanin, kamar yadda namu ke yi da Larabci. In muka tambayi Latin, zai nuna mana kalmarsa rete, wadda ma'anarta raga, irin ta masunta da maharba. Sai dai a nan akwai wani abin lura, shi ne Rumawan farko, masu Latin na asali, sun san rete amma ba su kiran wani sashen ido retina. Ƙirƙirarta aka yi daga baya, shekaru ɗaruruwa bayan faɗuwar daular Rum ta yamma, kuma wanda ya ƙirƙire ta yana da wani littafi buɗe a gabansa da yake fassarawa. Kafin mu je ga wannan littafi, gara mu tsallaka can farkon salsalar, mu biyo ta a jere.

Likitan Iskandariyya da birginsa

Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, a birnin Iskandariyya na ƙasar Misira, wanda a lokacin sarakunan Yunanawa ke mulkinsa, an yi wani likita mai suna Hirofilus. Yana cikin mutanen farko da tarihi ya tabbatar sun feɗe gawar ɗan Adam don neman ilmi, saboda haka abubuwa da yawa da ya gani ba su da suna tukuna, sai shi ya raɗa musu, yana kwatanta kowanne da abin da ya sani a rayuwar yau da kullum. Shi ne ya auna farkon ƙaramin hanji da faɗin yatsu, ya kira shi mai yatsa goma sha biyu, sunan da har gobe Larabawa da Turawa ke amfani da fassararsa. Littattafansa sun ɓace, amma likitocin da suka biyo bayansa, irin su Rufus mutumin Afisa da Jalinusu, sun adana mana maganganunsa, kuma ta hanyarsu muka san ya kamanta tantanin cikin ido da ragar masunci da aka jawo daga ruwa.

Kalmar Yunananci da aka gina sunan a kanta ita ce amfibilesturon, wadda ta haɗa gaɓa biyu, ɗaya mai ma'anar kewaye, ɗaya mai ma'anar jifa, wato abin da ake jefawa ya kewaye. Bahaushen da ya taɓa tsayawa a gadar Kwalkwalawa, kan hanyar zuwa mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya kalli masunta da hantsi, ba ya bukatar sharhi a nan, domin ya san ba taru ake nufi ba, wanda jama'a ke ja, ba kuma koma ba, irin wadda ake shiga ruwa da ita a bikin kamun kifi na Argungu. Birgi ake nufi, wanda masunci ke saɓawa a hannu ya murza jiki ya watsa, ya buɗe a iska kamar faifai, ya faɗa ruwa, dalmar da ke bakinsa ta ja shi ƙasa. Idan masuncin ya jawo igiya, birgin sai ya tattare, ya taso a tsuke daga sama inda igiyar take, a buɗe daga ƙasa inda kifin yake. Yanzu mai karatu ya tuna da idon ragon Layya, da tantanin da ya saɓule ya yi reto daga wuri ɗaya, jijiyar gani na riƙe da shi kamar igiya. Waɗansu masana sun ce jijiyoyin jinin da suka sarƙe a jikinsa ne suka jawo kamancen, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsu ba, amma ni zuciyata ta fi natsuwa da siffar birgin da aka jawo, don Iskandariyya gari ne na bakin bahar, kuma wanda ya yi fiɗar da hannunsa abin da zai fara gani ke nan.

Bagadaza ta mayar da shi Larabci

Sunan ya zauna cikin Yunananci shekara fiye da dubu, har zamanin Abbasiyawa, sa'ad da halifofi da waziransu da attajiran Bagadaza suka dinga zuba dukiya don a juyo ilmin mutanen farko zuwa Larabci. Shugaban masu wannan aiki a fannin magani shi ne Hunainu ɗan Ishaƙa, Banasare mutumin Hira, wanda ya yi wa Halifa Mutawakkil likita, ya rasu a shekara ta 873. An san shi da cewa ba ya bin kalma da kalma, sai ya karanta jimla ya fahimce ta sarai, kana ya faɗi ma'anarta da Larabci mai kyau. Ya fassara littattafan Jalinusu masu yawa, ya kuma wallafa nasa a kan ido, mai maƙala goma, wanda zanen sassan ido da ke cikin kwafe-kwafensa yana cikin mafi daɗewa da suka wanzu, an kuma buga shi a Alƙahira a 1928.

Abin da Hunainu da abokan aikinsa suka yi da sunayen ido ya cancanci a tsaya a kansa. Da sun ga dama da sun ɗauki lafazin Yunananci sun lanƙwasa shi ya dace da harshen Balarabe, kamar yadda suka yi da falsafa da waɗansu kalmomi, amma a nan sai suka tambayi kowane suna ma'anarsa, suka nemo takwararta a harshensu. Raga a Larabci shabaka ce, saboda haka tantanin nan ya zama aɗ-ɗabaƙatush shabakiyya, wato rufi mai kama da raga. Gilashin gaban ido, wanda Yunanawa suka kamanta da ƙaho da aka fere har ya yi shara-shara, ya zama ƙarniyya, daga ƙarnu, ƙaho. Baƙin rufin da ke ƙarƙashinsa, mai kama da ɓawon 'ya'yan inabi da aka cire wa tsinke aka bar huda, ya zama inabiyya, kuma ga kalmar inabi nan a bakinmu, daga tushe ɗaya. Wani ya zama mashimiyya don kamarsa da mabiyiyar jariri, wani ankabutiyya don kamarsa da saƙar gizo-gizo, wanda duk mai karatun Alƙur'ani ya san sunansa daga Suratul Ankabut. Ta haka yaron Bagadaza da ya zauna gaban malamin ido, wanda suke kira kahhal, wato mai sa kwalli, yana jin suna sai siffar abin ta zo masa a zuci, tun bai gan shi ba.

Waɗannan sunaye su Ibn Sina ya tarar, ya zuba su cikin babban littafinsa Alƙanun fiɗ Ɗibbi, wanda ya kammala a 1025. A nan ya kamata a tuna cewa ɗibbu a wurinsu shi ne ilmin likitanci tsantsa, ko da yake a bakin Hausawa kalmar ta karkata zuwa wata ma'ana.

Daga Ɗulaiɗila zuwa Turai

A shekara ta 1085 birnin Ɗulaiɗila na Andalus, wanda Turawa ke kira Toledo, ya fita daga hannun Musulmi ya koma hannun Sarki Alfonso na shida, da littattafan Larabci da ke cikinsa da mutanen da suka iya karanta su. Malaman Turai suka yi ta zuwa neman abin da babu a ƙasashensu, daga cikinsu har da wani mutumin Italiya, Jirad na garin Kirimona, wanda ya zo don littafin Batalimusa na ilmin taurari, ya koyi Larabci, ya zauna har mutuwarsa a 1187, bayan ya juya littattafai fiye da saba'in zuwa Latin. Alƙanun na cikinsu. Galibin masana asalin kalmomi suna danganta ƙirƙirar retina ga wannan fassara tasa: ya iske shabakiyya, ya san shabaka ita ce rete, sai ya ƙera sabuwar kalma a kan ƙirar ta Larabci. Ta irin wannan hanya ce ƙarniyya ta zama cornea a littattafan Latin, daga kalmarsu ta ƙaho, inabiyya ta zama uvea, daga kalmarsu ta inabi. Fassarar Jirad ta zama littafin karatu a jami'o'in Turai, waɗansunsu ba su ajiye ta ba sai cikin ƙarni na 17, kuma wannan daɗewa ce ta kafa sunayen har suka gagari tumɓukewa. Wani malamin tashrihi, wato ilmin fiɗa, na birnin Biyana, Yusufu Hirtil, ya wallafa littafi sukutum a 1879 a kan sawun Larabci da Ibrananci a cikin sunayen gaɓoɓi.

Ga salsalar ke nan: Yunananci ya ba Larabci, Larabci ya ba Latin, Latin ya ba Ingilishi. A mataki biyu na farko ma'ana aka ɗauka aka sake mata tufa. A mataki na ƙarshe ne kaɗai aka ɗauki lafazi aka bar ma'ana a baya, shi ya sa Baturen Ingila da bai karanta Latin ba, in ya ji retina, ba ya ganin raga ko kaɗan, duhun da yake ciki daidai yake da na dattijon da na raka asibiti.

Reshen da ya biyo ta Sahara

Ba ta Turai kaɗai wannan ilmi ya bi ba, kuma mu mutanen Sakkwato muna da hakkin mu san haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙi sarauta daga 1817 har rasuwarsa a Wurno a 1837, bayan fiƙihu da tarihi da siyasa, ya yi wallafa da dama a kan magani da Larabci, har da littafi musamman a kan maganin ido, mai suna Masugul Lujaini, da wani a kan basir. Da Baturen nan Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, cikin abin da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Da Kilafatan ya komo a 1826, cikin kyautar da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da na Iƙilidisu a kan handasa da na Ibn Sina, kuma Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar na Iƙilidisu, gobara ce ta cinye shi. Kilafatan bai koma gida ba, a nan ajalinsa ya same shi cikin Afrilu 1827. Abin da nake so mai karatu ya gani shi ne, baƙon da mai masaukinsa duka magada ne na gida ɗaya, ɗaya ya karɓa ta hannun Jirad, ɗaya ya karɓa kai tsaye da harshen da Ibn Sina ya yi rubutu.

Ita kanta kalmar shabaka ba baƙuwa ba ce a Hausa. Duk wanda ya san manyan riguna, ya san aska biyu da aska takwas, ya kuma san shabka, aikin da maɗinki ke sarƙa zare a cikinsa ya fito ido-ido kamar raga. Tushen nan ne na Larabci mai haruffa uku, shinun da ba'un da kafun, wanda ma'anarsa sarƙewa, kuma da shi Larabawan yau ke kiran abin da muke ce wa yanar gizo. Dattijon da ke tambayata mece ce retina, ba mamaki ya sha sa rigar da ke ɗauke da 'yar'uwar kalmar a ƙirjinsa ran Juma'a.

Abin da masu raɗin sunan ba su sani ba

Adalci ya wajabta a faɗi cewa daga Hirofilus har Ibn Sina babu wanda ya san aikin tantanin nan na haƙiƙa. A ganinsu mazaunin gani shi ne 'yar ƙwallon nan mai haske da ke bayan baƙin ido, wadda Larabawa suka kira jalidiyya don kamarta da ƙanƙara, ita kuwa shabakiyya hidima kurum take yi, ta rungumi ruwan ido, ta kai abinci, ta isar da ruhin gani daga ƙwaƙwalwa. Ibnul Haisam, wanda ya yi zamani a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya kafa hujja a Kitabul Manaziri cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, amma shi ma ya bar wa jalidiyya matsayinta. Sai a 1604 Bajamushen nan masanin taurari, Kefla, yana gini a kan harsashin Ibnul Haisam, ya bayyana cewa jalidiyya tattara haske take yi, surar kuwa a kan retina take sauka, kuma a kife. 'Yar fitilar da likita ya leƙa idon dattijona da ita jikanyar wadda wani Bajamushe, Helmholz, ya bayyana wa duniya ce a 1851, kafin nan ba mai iya duban wannan tantani sarai a idon rayayye. Sun kira shi raga don siffarsa kawai, sai daga baya ta tabbata cewa kamu ne aikinsa, illa dai haske yake kamawa.

To, mu me za mu kira shi?

Likitocinmu, Allah ya saka musu, suna ƙoƙarin bayani, wani ya ce bayan ido, wani ya ce tantanin ido, wani ya ce jijiyar ido. Kowanne ya kusa, amma bayan ido wuri ne, tantani ya yi yawa a ido, jijiyar kuwa wata aba ce dabam da ke manne da shi. Ra'ayina shi ne mu bi sunnar Hunainu da Jirad, mu fassara ma'ana, mu ce ragar ido, ɗalibin likita kuma ya riƙe retina don karatunsa da zance da takwarorinsa na duniya, ba abin da ɗaya zai rage wa ɗaya. Na gwada wannan a kan dattijon da kansa, na ce masa, "Baba, akwai wata raga a cikin ido mai kama haske, sukari ne ya soma cin zarenta, in ba a tare shi ba hudar za ta yi ta faɗi." Ya gyaɗa kai ya ce ai ko birgi in ya soma ɓarkewa ba a jira sai gobe, kuma daga ranar ba a sake yi masa tuni a kan shan maganinsa ba.

Akwai kuma inda Hausa ba ta jira kowa ba, ta raɗa nata suna tun da daɗewa. Farin da ke rufe baƙin idon tsofaffi mu yana muke ce masa, muna kamanta shi da abin da ke taruwa a kan kunu ko madara in sun huce, alhali Larabawa sun kira shi saukar ruwa, Turawa kuma suna kiransa da kalmar da asalinta ke nufin ruwa mai gangarowa daga kan dutse. Yadda ciwo ɗaya ya sami waɗannan sunaye, da hannun da wani mutumin Tunis mai suna Ƙusɗanɗin Ba'afirke ya sa a ciki daga wani gidan ibada na Italiya, da kuma abin da ya haɗa su da masu kwantar da yanar ido da tsinke da ke yawo a ƙauyukanmu har yau, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.